Motar Baba da Mijin Auta

Shekara goma sha tara ina gyaran motar Baba, babu hannun da ya taɓa shiga injinta sai nawa. Tsohuwar mota ce ruwan toka, mai kafireta, ya saye ta tun ina koyon aiki. Yanzu ina da garejin kaina, amma duk ranar da Baba ya sako hancin motar nan ta ƙofa, sai in ajiye abin da ke hannuna.

Wata safiya ya zo fuska a murtuke.

"Babba, motar nan ta zama rariya. Shekaranjiya na cika tanki, je ka dubi inda allurar take."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na canza filogi, na sa sabuwar filtar iska, na kwance kafireta na wanke ta tas. Bayan mako guda ya dawo. Na bi tiyon mai daga tanki har inji ina neman yoyo, ko ɗigo ban gani ba. Na ƙara wa tayoyi iska, na daidaita wuta. Ya sake dawowa. Sau uku ke nan, kuma kowane zuwa gaisuwar tana ƙara gajarta.

Ranar Asabar muka haɗu a gida. Auta, ƙanwarmu, ta zo da mijinta. Ma'aikacin jinya ne, mutum mai sanyin murya wanda bai san bambancin sifana goma da sha biyu ba. Baba kuwa tun ranar da ya auna masa hawan jini ya laƙaba masa Likita.

Muna zaune a ƙofar gida Baba ya dawo daga kasuwa yana mitar mai. Likita ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya tashi yana zagaya motar, yana ɗora bayan hannunsa a ƙarfen kowace taya kamar mai taɓa goshin yaro. Har na fara murmushi. Da ya zo tayar baya ta hagu sai ya janye hannun da sauri.

"Baba, wannan ƙafar zazzaɓi take yi."

"Zazzaɓi kuma?"

"Sauran ukun ɗumi kawai suka yi. Yaya, ko za ka taɓa ka ji?"

Na taɓa, ta kusa sale mini fata. Na ɗauko jak na ɗaga motar, na juya tayar, ta ƙi juyawa. Wayar birkin hannu ce ta yi tsatsa ta cije. Ashe duk tsawon lokacin nan Baba na jan mota da birki a ɗaure, ni kuma ina can gaba na tusa kai cikin inji.

Ni na kwance tayar, ni na sayo sabuwar waya, ni na fasa yatsa wajen ɗaura ta. Amma da Baba ya shiga gida, ina ji yana ce wa Mama, "Likita ya gano ciwon motar! Da hannu kawai, ko bonet bai buɗe ba."

Kafin kwana uku labarin ya kai layin garejinmu. Mai faci da ke kusa da ni ya leƙo yana dariya.

"An ce an kai motar tsoho asibiti. Gado nawa aka ba ta?"

Na ci gaba da aikina. A gida ma matata ta lura na daina cin abinci da daɗi.

"Wai kishi kake yi da mijin ƙanwarka?"

"Kishin me? Sa'a ce kawai ya taka."

"To sa'ar ce ta sa kake ta juya cokali ka ƙi cin abinci?"

Shan man ya ragu, amma bai koma yadda yake a shekarun baya ba. Da Baba ya faɗa mini haka a waya, wallahi wani sanyi na ji a raina. Na ji kunyar kaina, amma sanyin bai tafi ba. Na ce, "Ai da ma na san ba birki ne kaɗai ba."

Bayan kwana biyu, da azahar, sai ga Likita a gareji cikin fararen kayan aikinsa, yana ɗaga ƙafa kada baƙin mai ya taɓa masa takalmi.

"Yaya, sannu da aiki. Wata 'yar tambaya ce ta kawo ni."

"Ina ji."

"Jiya na raka Baba unguwa. Mun yi tafiyar kusan awa guda, amma allurar zafin inji tana kwance a ƙasa, ba ta motsa ba. Na karanta cewa injin da bai ɗauki zafi ba yakan sha mai. Ban sani ba ko haka ne."

Sifanar da ke hannuna ta yi mini nauyi. Akwai wani ɗan ƙarfe da muke kira tamostat, shi ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi ɗumi. Shekara huɗu da suka wuce motar ta yi zafi a hanya, na cire shi na jefar, da niyyar zan sa sabo. Ban sake tunawa ba sai a wannan minti.

"Ka gaya wa Baba?"

"A'a. Kai ne mai aikin, wurinka ya kamata in zo."

Da ma gori ya yi mini, da na samu abin riƙewa. Amma ga shi tsaye, hannu a baya, yana rufa mini asiri ba tare da na roƙe shi ba. Wannan ya fi birkin ƙona ni.

"Likita, kowa da aikinsa. Ni na taɓa zuwa asibiti na ce ka canza wa wani magani?"

"Haka ne, Yaya. Ka yi haƙuri."

Ya juya ya tafi. Ko ruwa ban ba shi ba.

Washegari na karɓo motar da sunan zan duba mai. Na sa sabon tamostat, na zaga da ita har allurar ta hau tsakiya ta tsaya. Mako biyu ban ji daga Baba ba, sai ga shi ya shigo gareji bakinsa har kunne.

"Babba, me ka yi mata? Ta koma kamar amarya!"

"Tamostat na sa."

"Ka ga ɗana! Na ce wa mamarku ai gwani gwani ne. Yaya aka yi ka gano?"

Abin da nake ta jiran ji ke nan tun ranar Asabar ɗin nan. Da na yi shiru, da ya zama nawa, don na san Likita ba zai taɓa buɗe baki ba. Sanin hakan ne ya ɓata mini komai.

"Ba ni ba ne. Mijin Auta ne ya lura."

"To ina tsohon tamostat ɗin ya tafi?"

"Ni na cire shi. Na manta ban mayar ba."

Baba ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya dafa kafaɗata sau ɗaya, sannan ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Likita! Ashe kai ne kuma? Allah ya yi maka albarka. Yauwa, gobe ka biyo ta gida, akwai wata ƙara da nake ji ta baya in na hau gargada."

Na san ƙarar. Ƙarfen da ke riƙe salansa ne ya saki. Kafin Baba ya gama gaisawa da Auta na riga na shige ƙarƙashin motar da sifana sha uku, na ɗaure shi tam, na ƙara ɗaurewa.