Tagar Benen Bakari

Tun da ambaliyar bara ta shiga gidan Bakari har gwiwa, aka fito da mahaifiyarsa Inna 'Yar'azumi a kan ƙyauren ɗaki, bai ƙara kallon gabas da kwanciyar rai ba. Da ya sayar da shinkafar rani, sai ya soma ɗora ɗaki a kan zaurensa, domin tsohuwa ta sami mafaka idan kogin Haɗeja ya sake tumbatsa.

Gini ya kai taga ke nan sai ga Munzali, ma'aikacin tsara gari, a kan babur.

"Baba, yaɓe da sauya kwano babu ruwanmu da su," in ji shi. "Amma bene sai da izini, sai an duba ko harsashin zai ɗauka. Kuma maƙwabcinka Fannami ya kai ƙara, wai tagarka tana leƙa tsakar gidansa."

Magina suka sauko. Bakari ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya hau tsani, ya dubi hadarin da ke haɗuwa ta wajen fadama, ya sauko, ya sake hawa. A wannan karon ya hango matar Fannami tana shanya. Da ta ɗaga kai, ta ja mayafi ta shige ɗaki. Kunya ta rufe shi.

Ya sauko, ya je ya tarar da Fannami a ƙofar gida yana ɗinkin tarun kamun kifi.

"Babarbare, ni za ka kai ƙara? Ubangidan naka?"

"Bafillace, kai da bukka ta raina, me ya kai ka sama? Iyalina su daina fitowa tsakar gida saboda kai?"

"Don Inna nake yi, Fannami. Ka ga yadda aka fito da ita."

"Na gani mana. Wa ya kama ɗaya gefen ƙyauren?" Ya ciji zare ya tofar. "Toshe tagar, ka buɗe ta wajen kogi. Gobe mu tafi tare in janye ƙarata. Maganar harsashi kuwa, ba ni na kai ta ba."

Bakari ya komo, ya durƙusa a gindin zauren inda ruwa ya kwana bara. Ya danna bulon ƙasa da babban yatsa, ya ji ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Ya danna na kusa da shi, haka.

Ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya kira babban magini.

"Kada a ƙara ɗora bulo ko ɗaya sai ma'aikatan tsara gari sun zo sun duba."

"Damina fa, maigida?"

Bakari ya nufi bakin titi neman Keke Napep, ko zai tarar da Munzali bai tashi daga ofis ba.