Hannun Hagun Ba Madu

"Riƙe da kyau, Baba, kada ya kife!"

Ba Madu ya danne kwalin a kan gwiwoyinsa, keke napep na tsalle da su a hanyar Bulumkutu. Da safiyar nan ya rufe rumfarsa ta wankin hula don ya raka 'yarsa Muhsinat zuwa unguwar Moduganari. Tun da suka fito bakinta bai huta ba.

"In Hajiya Inno ta karɓa, shi ke nan. Duk masu gyaran amare a shagonta suke sayayya. Baba, kana ji na kuwa?"

"Ina ji."

Kwalabe ne a kwalin, na man shafawa da take haɗawa a gida tun da ta gama karatun kimiyya. Man kaɗanya, man riɗi, da wani abu mai kauri da take kira bitamin E. Shaguna da dama sun mayar da ita. Wannan ne ya rage.

Hajiya Inno na zaune bayan kantar shagonta, hayaƙin turaren wuta na tashi a gefenta.

"Wushe, sannu da zuwa, Ba Madu. Yau kai ne a shagon mata?"

"Rakiya ce."

Ta buɗe kwalba ɗaya, ta shinshina.

"Ƙamshi kam akwai. Yana sa fari?"

"A'a, Hajiya," in ji Muhsinat da sauri. "Kumburi yake kwantarwa. In an cire wa amarya gashi da halawa fatar ta tashi ta yi ja, bitamin E ɗin nan yana sanyaya ta, ƙaiƙayin ya lafa. Wallahi sai kin gani!"

"Kowa haka yake cewa, 'yata. Bara wani ya kawo min nasa, fuskar amarya ta ɓaci, har yau uwarta ba ta amsa gaisuwata. Wa ya shafa naki?"

"Ƙawayena."

"Ƙawayenki me ya sami fatarsu? Kawo min mai ciwo in gani."

Ta rufe kwalbar, ta tura kwalin gaba. 

Ba Madu ya dubi 'yarsa. Ya tashi daga benci, ya naɗe hannun rigarsa, ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan kantar shagon.

Na daman a kumbure yake, tsakanin yatsu duk ya tsage ya yi ja. Aikin sabulu da sitati ne na shekara da shekaru. Na hagun kuwa ya saɓe, tsagun sun haɗe, sai tabo.

Hajiya Inno ta jawo tabarau.

"Hannun mutum ɗaya ne wannan?"

"Ruwa ɗaya, sabulu ɗaya," in ji Ba Madu.

"Baba!" Muhsinat ta dafe ƙirji. "Ai cewa ka yi ba ka shafa man mata!"

"Na shafa."

"To me ya sa hagu kaɗai?"

Ya ɗaure fuska. "Da dama nake gaisawa da maza. In shiga masallaci ina ƙamshin amare?"

Hajiya Inno ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta leƙa hagu, ta leƙa dama, ta sake leƙa hagu. Sai ta jawo kwalin ta ajiye shi a gefenta.

"Na karɓa. Duka. Ki haɗo wani."

Muhsinat ta yi tsalle, ta rungume Hajiya, ta laluba waya tana neman lambar mahaifiyarta. "Mama! Ta karɓa! Baba ne, wallahi Baba ne!"

Ba Madu ya ga asiri ya riga ya tonu. Ya ɗauki kwalbar ya buɗe, ya lakato man da ɗan yatsa. Hannun daman ya daɗe yana cin sa, ko alwala sai ya cije.

"Tsaya, Ba Madu!" Hajiya Inno ta ɗaga hannu. "Ranar Asabar masu gyaran jiki za su taru a nan. Su ma sai sun gani da idonsu. In ka shafa, me zan nuna musu?"

Muhsinat ta sauke wayar. "A'a, Hajiya. Ciwo yake masa. A ɗauki hoto mana."

"Hoto? Wa ke yarda da hoto yanzu?"

"To a bari. Baba, shafa abinka."

Ba Madu ya dubi man da ke kan yatsansa. Ya dubi kwalin. Ya mayar da man cikin kwalbar, ya goge yatsan a bakinta, ya murɗa murfin.

"Asabar ɗin sai bayan la'asar zan zo," ya ce. "Da safe ina da hulunan mutane."