Baba Ya Gyara Kangon

Salatin da maigidana ya rafka ne ya sa na saki ludayi na ruga ɗakin da yake zane. Na same shi tsaye, hannu a ka, ya zuba wa allon zanensa ido.

Zanen da ya daɗe yana shan wahalarsa ne: kangon wani tsohon gida a tsakiyar hamada, rairayi ya cinye rabin katanga, rana tana faɗuwa ta ƙofar da ba ƙyaure. Ko ni da ban san kan zane ba, in na kalle shi sai jikina ya yi sanyi. Washegari za a kai shi baje kolin farko da aka taɓa gayyatarsa.

To, kango dai babu shi! Katanga ta miƙe tsaf, an toshe duk wata tsaga, an ɗora rufi, har da ƙyaure shuɗi. Kuma da ragowar fentin ƙofar kicin ɗina. Innalillahi!

"Wa ya yi min wannan?" ya ce.

Ina shirin ɗora wa yara laifi, sai ga surukina, mahaifin maigidana, tsohon magini da ya zo jinyar ƙafa wurinmu, ya dogaro sanda, gaban rigarsa duk fenti.

"Ni ne. Tun da na zo nake kallonsa, ko abinci ba ya wuce min."

"Haba Baba! Rushewar ita ce zanen! Ita mutane za su zo gani!"

"Su ga me? Ka zaci ban gane shi ba? Gidan da aka haife ka ne. Da hannun nan na gina shi, innarka, Allah ya jiƙanta, tana miƙo min ƙasa. Rairayi ya kore mu, na haƙura. Amma a rataye shi a rushe, baƙi suna cewa ya yi kyau? Ba da raina ba."

Maigidana ya ɗauki wuƙar kankare fenti. Fentin bai bushe ba tukuna, in ya yi sauri zai ceci zanensa. Baba bai hana shi ba, ya dai matso ya nuna da yatsa.

"In za ka rushe, fara ta can. Ɗakin innarka ka bar shi ƙarshe."

Har fentin ya bushe, wuƙar tana hannunsa.