Jirgin da Ya Sauka a Gidan Malam Haladu

Ni dai tun farko ban yarda da Malam Haladu mai gyaran rediyo ba. Mutum ya wuni a zaure yana tonon cikin rediyon jama'a, ka gaishe shi ya amsa bai ɗago ba, ga wata doguwar eriya ya ɗaure a kan gora ta zarce rufin kowa a unguwa. Ƙari a kan haka, shekara shida ke nan Kawu Zarami, yayan mahaifiyata, yana kuka da shi. Gonakinsu a haɗe suke a bayan garin Roni, layin gamba ne iyaka, kuma a faɗar Kawu duk damina sai gambar nan ta matso cikin gonarsa da kunya guda.

Ina da wani ɗan jirgi marar matuƙi mai kyamara, don nishaɗi na saye shi a Kano, in riƙa ɗaukar hoton duwatsu da ruwan Kazaure ranar Asabar. Girmansa bai wuce faifai ba. Amma rannan da Kawu ya sake tayar da zancen gona sai dabara ta faɗo mini.

Na ce, "Kawu, in na ɗauko gonar daga sama ai ƙaryarsa ta ƙare."

Ya daɗe yana kallon jirgin, sannan ya ce, "Kashim, ka bar shi kawai. Lokacin iska ne. Allah yana nan."

Na ɗauka haƙuri ne irin na manya, ni kuwa ban gaje shi ba.

Bazara ce, an share gonaki ana jiran ruwa. Akwai wani ƙaton dutse a gefen gonar Kawu, gidan Malam Haladu kuma shi ne na ƙarshe a gari ta wannan ɓangare. Don kada ya gan ni, sai na laɓe a bayan dutsen na tayar da jirgi. Yana haye dutsen ya nufi layin gamba, hoton da ke wayata ya fara kakkaryewa, gargaɗi ya fito cewa sigina ta yi rauni, akwai abin da ke katse ta. Na dawo da shi da kyar. Kwana biyu bayan haka na sake gwadawa, a daidai wurin nan ya sake yi mini haka. A Kazaure jirgin nan yakan yi nisa har in daina ganinsa, bai taɓa yi mini gardama ba. Sai a gonar da ake rigima a kanta? Da zan koma gida kuwa na ga Malam Haladu a ƙofar zaure yana juya gorar eriyarsa. Na ce a raina, to, na kama ka.

Ranar Alhamis bayan la'asar na koma a fusace. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Jirgi na tashi waya ta ce iska ta yi ƙarfi, a sauko ƙasa. Na karanta sarai, na share. Lissafina shi ne in na hau sama sosai zan wuce ƙarfin eriyar mutumin nan. Na yi ta hawa, gargaɗin ya koma ja, ban kula ba. Sai hoto ya ɗauke gaba ɗaya.

Irin jirgin nan in ya rasa sigina, ƙara hawa yake yi don kada ya bugi bishiya, sannan ya nemi inda ya tashi. Iskar sama kuwa ta fi ta ƙasa nesa ba kusa ba. Na fito daga bayan dutse a guje ina duban sama. Ina fitowa fili sigina ta dawo cif, amma aikin gama ya gama: iska ta kwashe shi zuwa gari, batir ya ƙare a kokawa, ya fara sauke kansa. A fuskar waya na ga katanga, na ga turmi, na ga tsakar gida. Na kife wayar a ƙirjina. Daga inda nake ina jin salatin mata.

Kafin magariba magana ta zaga unguwa: Kashim yana leƙen matan mutane da na'ura. Ni kuwa malami ne a makarantar 'yan mata. In wannan suna ya manne mini, ba uban da zai sake yarda in tsaya gaban 'yarsa da alli. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Washegari da safe muka hallara gaban mai unguwa Muhammadu Lawal. Malam Haladu ya ajiye jirgin a kan tabarma, fanka ɗaya a karye.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko magini zai hau rufi sai ya aika maƙwabta a ce mata su kintsa. Wannan abu sau uku ina jin kukansa a sama, ba sallama, ba neman izini. Jiya a kan shanyar kuɓewar matata Dela ya faɗo, ko mayafi ba ta da shi a kanta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gona na je ɗauka. Eriyarsa ce ta katse mini sigina."

Karo na farko Malam Haladu ya ɗago ya dube ni. "Malam Kashim, eriyata kamo tasha take yi, ba ta aika komai. A ina ka tsaya?"

"Bayan dutse."

"Ko rediyo ka kai bayan dutsen nan sai ta rasa tasha. Kai ka sa dutse tsakaninka da abinka."

Aka yi dariya. Na tuna yadda sigina ta dawo ina fitowa fili, kunya ta rufe ni.

Mai unguwa ya ce magana ɗaya ce, a nuna abin da na'ura ta ɗauka. Na zaro ɗan katin da ke cikin jirgi na sa a waya. Kawu yana zaune kusa da ni, tare muka fara gani. Ba gida a ciki sai a ƙarshe, lokacin faɗuwa. Gonaki ne fetal, ga layin gamba. Sai dai akwai wani layin, baƙi, miƙaƙƙe daga wata tsamiya zuwa dutse, inda saiwar gamba ta daɗe ta canza launin ƙasa. Mai tafiya a ƙasa ba zai lura da shi ba. Layin nan yanzu a tsakiyar gonar Kawu yake. Gamba ta matsa, gaskiya ne, amma cikin gonar Malam Haladu ta matsa.

Kawu ya damƙe wuyan hannuna. Ƙasa-ƙasa ya ce, "Ka ce ya lalace."

Na dubi mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Na dubi bakin zaure, inda iyayen ɗalibaina biyu suke tsaye suna jira. Na zare hannuna a hankali, na durƙusa na miƙa wa mai unguwa wayar.

Ya kalla har ƙarshe, ya ce a maimaita masa. Ya ce, "Ba leƙe a nan. Amma Malam Kashim, ka ba Dela haƙuri, kuma kada abin nan ya sake tashi kusa da gidaje." Sannan ya ɗora yatsa a kan baƙin layin. "Zarami, nan gambar take a zamanin mahaifinku. Da ni aka dasa ta."

Kawu ya miƙe. Ya sa takalminsa ya fita.

Bayan kwana uku Malam Haladu ya aiko mini da jirgin, ya liƙe fankar tsaf. Na ɗora shi a kan kabad, ban sake taɓa shi ba. Da yamma na tafi gaida Kawu. Na yi sallama sau uku a zaure, ina jin tarinsa daga ciki. Ba a ce in shigo ba.