Wadda Ba a Yi Wa Sannu Ba

Tun da aka yi sadakar arba'in ɗin Malam Jibrin tela, ƙanwarsa Kulu ba ta zauna ba. Da ma can ba mazauniya ba ce. Waina take soyawa a tashar Kawo, kuma ko gaisawa kuke sai ka rantse ta bar wani abu a wuta. Yanzu abin ya ƙaru, domin Hasana, ɗaya daga cikin tagwayen da mamacin ya bari, ta daina cin abinci.

Ba abin da Kulu ba ta gwada ba. Ta dama kunun tsamiya, ta yi fate da yakuwa, ta sayo tsire da zafinsa, Hasana ta kalla ta kau da kai. An karɓo rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Wuya ya yi tsawo, zani ba ya zama a ƙugu. Matan unguwa kullum suna hanyar zuwa yi mata sannu.

Husaina kuwa, da ke aure a Unguwar Dosa, sai ƙiba take yi. Kumatu sun cika, awarwaro sun kama hannu. Duk wanda ya gan ta sai ya ce tubarkalla, hutu ya karɓe ta. Kulu har alfahari take yi.

"Wannan ba ta gabana," in ji ta. "Mijinta Ila yana riƙonta da kyau."

Ran da Hasana ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, Kulu ta bar tanda a hannun maƙwabciya, ta tare tasi, ta biya Unguwar Dosa ta ɗauko Husaina. Ba don taimako ta ɗauko ta ba, so take likita ya ga yadda Hasana ya kamata ta zama.

A asibiti ko zama ba ta yi ba. Ta tura su gaban likita.

"Likita, duba mini nan. Cikinsu ɗaya, rana ɗaya aka haife su, uba ɗaya suka rasa. Ga wannan sumul, ita kuwa wannan kamar tsinke!"

Likitan ya auna Hasana, ya yi mata tambayoyi, ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Sannan ya juya ya dubi Husaina, wadda tun shigowarsu ba ta ɗago kai ba.

"Ke fa, kina samun barci?"

"Ba ita ce marar lafiyar ba," Kulu ta tare shi.

"Mama, ki bari ta amsa."

Husaina ta girgiza kai. Ya tambaye ta ko tana jin daɗin abincin da take ci. Ta daɗe tana murza bakin mayafi.

"Ko ɗanɗanonsa ba na ji," ta ce. "In ina tauna ne kawai nake daina tunanin Baba. Da na haɗiye sai ya dawo, sai in ƙara."

Likitan ya ce wa Kulu, "Mama, ciwon nan a ƙwaƙwalwa yake, kuma ita ce ke gaya wa mutum yana jin yunwa ko ya ƙoshi. In ya taɓa wurin, wani sai abinci ya fita daga ransa, wani kuma ya yi ta ci ba ƙoshi. Abu ɗaya ne ke damun su biyun."

Kulu ta juya ga Husaina. "Me ya hana ki faɗa mini, 'yar nan?"

"Gwaggo, kowa ya gan ni tubarkalla yake cewa. Har ke. Ta ina zan fara?"

Kulu ta ƙura mata ido. Tausayi ya kama ta har ya fi tsoron da ta zo da shi. Ta karɓo maganin mutum biyu, suka fito.

Suna sauka a Kawo sai ga Asabe mai fura ta taho da sauri. Ta kama hannun Hasana tana ta sannu, Allah ya sawwaƙe. Ta juya ga Husaina, ta washe baki.

"Kai, tubarkalla! Amaryar Ila, wannan ƙiba haka..."

"Ba ta da lafiya," Kulu ta katse ta, har mutanen tasha suka waiwayo. "Ki yi mata sannu."

Asabe ta yi sororo, ta dubi kumatun, ta dubi Kulu. Can ta ce, "To... sannu, Husaina."

Husaina ta buɗe baki za ta ce yawwa, sai kuka ya ƙwace mata. Kulu ta zauna a bakin kwalbati, ta jawo ta jikinta, ta bar ta ta yi.