Rabin Kitso

"Ba Kakata ba ce!" Yarinyar ta ƙanƙame zanena kamar za ta yaga shi. "Kakata ta yi tafiya."

Mai Kitso, maƙwabciyata, tana zaune a bakin gado, hannunta a miƙe. Ciwon daji ya cinye mata muƙamuƙi, likitoci suka yanko ƙashi da fata daga ƙafarta suka gina mata sabo. Aiki ya yi kyau, in ji su. Amma fatar ta fi sauran fuskar haske, bakin ya karkace, maganarta kuwa sai mai haƙuri ke ganewa.

Ɗanta Direba ne ya jawo wannan. Da aka kwantar da ita a asibiti, sai ya ce wa 'yarsa Kaka ta yi tafiya, wai don kada ta yi kuka. Yarinya kuwa ta riƙe maganar gam.

Yanzu ciwon ya dawo a wuya, likita ya ce a kai ta gida kawai.

"Maman Biyu," ta ce mini, tana tare miyau da tsumma, "kar in tafi 'yar nan ba ta san ni ba."

Wallahi zuciyata ta karye. Washegari na zaunar da yarinyar a tabarma, ta ba gado baya, na ce zan yi mata kitso. Na tsefe kan, na matsa gefe a hankali. Mai Kitso ta sa hannu. Yatsun ba su manta ba.

Layi uku, huɗu. Yarinyar ta daina wasa da kwalbar man gashi.

"Kaka ce take ja haka," ta ce.

Ta waiwaya. Ihun da ta yi har bakin titi, ta fice ko takalmi babu.

Mai Kitso ba ta yi kuka ba. Ta kwanta, ta juya fuska bango, matajin yana hannunta. Ba ta kai ƙarshen mako ba.

Da masu ta'aziyya suka watse, na tarar da yarinyar zaune a ƙofar gida, rabin kai a kitse, rabi a tsefe.

"Zo in ƙarasa miki, 'yata."

Ta dafe kanta da hannu biyu.

"A'a. Kaka za ta ƙarasa in ta dawo."

Ta ci gaba da kallon titi.