Injunan Bayan Sito

Shekara goma sha huɗu Shekari ya yi yana kula da sito a wata masaƙa da ke Kakuri. Duk abin da aikin ke ci, daga auduga da rini har ƙusa, ta hannunsa yake shiga. Dama shi ba mai yawan magana ba ne, a shekarar 1985 kuwa maganar ta ƙara raguwa, don duk wanda ya leƙo ofishinsa abu ɗaya yake tambaya: kaya sun iso?

Shekara uku kafin nan kamfanin ya sayo sababbin injunan saƙa guda arba'in daga Turai. Mutum ɗaya kan tsare goma sha biyu, yana yawo a tsakaninsu hannu a aljihu. Aka sallami ma'aikata sama da ɗari biyu, kuma Shekari ne ya zauna a bakin sito yana karɓar rigunan aikinsu. Tsofaffin injunan aka tura su wata rumfar kwano a baya, aka ce za a sayar wa masu tsohon ƙarfe. Cinikin bai faɗa ba, aka manta da su.

Sababbin injunan suna da wani ɗan ƙarfe da ke jan zare, bai kai tsawon yatsa ba, kuma yana cinyewa. Ba a yin sa a ƙasar nan. Kafin a shigo da shi sai an sami lasin daga Legas, lasin kuwa ya zama abin wuya. Sau uku Shekari yana zuwa, yana wuni a kan benci da fayil a cinya. Da lasin ya fito, banki ya ce babu kuɗin waje. Masu ƙera ƙarfen suka ce ba za su ɗora kaya a jirgi ba sai sun ga takardar banki. Audugar da suke ƙarawa da ita daga Chadi ma ta tsaya tun da aka rufe iyaka, sai da ya yi ta zirga-zirga tsakanin Funtuwa da Gusau kafin ya haɗa wadda za ta riƙe su.

Ya kai samfurin ƙarfen wurin wani maƙeri a unguwar Makera. Mutumin ya yi iya yinsa, ya fitar da shi kamar na asali, amma kwana biyu ya yi a inji ya fara yaga yadi. Injuna goma sha ɗaya suka tsaya, bayan wata guda suka zama ashirin da uku.

Wata Litinin manajan aiki, Mista Nicholas, ya kira shi.

"Waɗancan na bayan sito, suna iya tashi?"

"Suna iya tashi, Oga. Nasu duk abin da ya karye maƙera na iya yi. Sai dai babu mai tada su. Ma'aikatan da ke ɗakin saƙa yanzu ba su san su ba."

Mista Nicholas ya cire tabarau ya murza ido. "Ka san gidajen mutanen da aka sallama?"

"Na san wasu."

"To, je ka gwada."

Ya hau babur ya nufi unguwar Trikania. Wanda yake nema Baba Filibus ne, tsohon shugaban ɗakin saƙa, wanda ya yi shekara ashirin da biyu a kan waɗannan injunan. Ya same shi a tsakar gida yana ɓarar masara, matarsa Larai tana tuyar ƙosai a ƙofa. Suka gaisa, aka kawo masa kujera da ruwa. Shekari ya daɗe yana kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Baba Filibus bai daina ɓarar masarar ba. "Na tsawon wane lokaci?"

A hanya Shekari ya shirya zai ce masa ba a sani ba tukuna. Da ya dubi hannuwan tsohon sai ya kasa. "Har ranar da kaya suka iso, Baba."

"Wato in jirgi ya zo mu koma gida."

"Haka ne."

Daga ƙofa Larai ta ce, "Ai gara da ka faɗi gaskiya. Wancan karon ma da safe ya tafi aiki, da azahar ya dawo ba riga."

Rigar kuwa a hannun Shekari aka ajiye ta.

Tsohon ya karkaɗe cinya. Ya ce yana da gona a wajen Rido, masara ta shigo, ba zai ce yunwa ta kama shi ba. Amma akwai waɗanda ba su da ko wannan, zai zaga ya ji bakinsu. Wasu sun koma Filato, wasu sun koma Binuwai, biyu sun rasu. Ranar Alhamis ya zo bakin get da mutum goma sha bakwai.

Mako biyu suka yi suna kankare tsatsa da fidda sheƙar ɓera. Suka ciro daga wannan suka liƙa wa wancan, abin da ya ɓace aka ƙera a Makera. Ranar da injin farko ya tashi, ƙararsa ta cika rumfar har ba a jin magana. Babu wanda ya yi tafi. Baba Filibus ya kara kunne, ya ɗaure wani noti, ya wuce na gaba. A ƙarshe injuna talatin suka tashi. Yadin bai kai na sababbin laushi ba, amma 'yan kasuwa sun karɓa, kuma masaƙar ba ta rufe ba.

Haka aka yi wata biyar. Shekari yakan bi ta rumfar da rana, ya tsaya daga nesa. Ya lura ba wanda ke tambayarsa zancen kaya a can. Suna dai kallon fuskarsa in ya shigo.

A watan shida saƙo ya zo cewa akwatuna huɗu sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Shekari ya karanta sau biyu, ya ji ba daɗi ba baƙin ciki, sai nauyi a kafaɗa. Ya tafi ofishin manaja bai jira an kira shi ba.

"Oga, abin da ke cikin akwatunan nan wata takwas zai yi. Bayan nan ba mu san wace doka za ta fito ba. A bar injuna goma sha biyar suna aiki, kada a sake tarwatsa mutanen."

"Na riga ka faɗa wa shugabannin kamfani," in ji Mista Nicholas. "Na nemi ashirin. Daga Legas suka ce shida, da mutum huɗu." Ya tura masa takardar amsarsu. "Ka ce wa Baba ya zaɓa, har da shi a ciki."

Shekari ya same shi a bakin famfo yana wanke hannu da toka. Ya gaya masa yadda aka yi, bai rage komai ba. Tsohon ya saurara, ya goge hannu a wando, sannan ya kira sunaye huɗu ba tare da dogon tunani ba. Duk masu ƙananan yara ne da ke zaman haya.

"Kai fa, Baba?"

"Gwiwata ta gaji da tsayuwa. Kuma damina ta kusa." Ya juya ya dubi rumfar. "Sauran kada ku bar su haka. A shafa musu giris, a rufe da buhu. Kwanon can na kusurwa yana yoyo, tun zuwanmu nake faɗa."

"Zan sa a gyara."

"Ka sa a gyara ɗin."

Ranar Juma'a aka biya su, suka fita ta ƙaramin get su goma sha huɗu, wasu a keke, wasu a ƙasa. Shekari ya raka su har bakin titi, ya tsaya har Baba Filibus ya sami mota. Da ya dawo ya nemi kafinta, aka ce ya tashi. Sai ya ɗauko tsani da guduma da kansa, ya hau ya duba kwanon.